Tsumma a Wuyan Gautan Farko

Daday, 11 ga Maris

Zuwa ga taubashiyata Nazmiye,

Ina farin cikin sanar da ke, da Gwaggo Makbule, da duk wanda ya rage a Merdanli bai ɗaure kayansa ba, cewa yau Talata da sanyin safiya an samu ƙaruwa a gidana. An haifi gauta. Bakwai ne suka fito tashi ɗaya, kowanne da ganye biyu kamar kunnen ɓera, a cikin gwangwanayen madarar da na jera a taga kusa da murhu. Mai jego, wato ni, yana cikin ƙoshin lafiya. Ba a sa ranar suna ba tukuna.

Bayan wannan ina gaisuwa. Yaya ƙafar Gwaggo? Yaya hidimar tashi? Ni lafiya lau, in ban da tarin da garin nan ke ba baƙonsa kyauta duk shekara. Yara a makaranta suna nan suna koyon tarihi yadda dutse ke koyon iyo.

Irin nan shi ne wanda Gwaggo ta ƙulle mini a ƙyallen tsohon kallabinta shuɗi lokacin da na zo sallah. Sha tara ne, bakwai suka amsa kira. Maƙwabcina Malam Ruhi, wani dattijo mai kiwon zuma, ya leƙo ya ce in ji tausayinsu. Wai a nan tsaunin gauta yana yin 'ya'ya in an lallaɓa shi, amma ba ya kaiwa ga nuna har ya ba da iri, domin raɓa tana daskarewa kafin ya ƙosa. Na nuna masa littafin aikin lambu da na sayo a birnin Kastamonu, shafi ɗari uku da hotuna. Ya juya shi a hannu ya ce yana da nauyi, zai yi amfani wajen danne murfin tukunya.

Shekara goma sha ɗaya ina cin gautan kasuwa mai ɗanɗanon soso. Bana zan ci namu, dogo siriri, na bakin kogin Furat. In waɗannan sun mutu kuma, sai ki ɗebo mini a tulun Gwaggo, ai ba ya ƙarewa.

Ɗan kawunki,
Fikret

*

Sabon Merdanli, 20 ga Afrilu

Malam Mai Littafi,

Barka da sauka lafiya. Na karanta wa Inna wasiƙarka, ta ce da ka yi aure na biyu bayan rasuwar Sabahat da yanzu ba gwangwani kake raino ba.

Muna lafiya gwargwado. Ƙafarta ta ƙi, yanzu daga gado sai bakin ƙofa. Mun tare a sababbin gidaje a kan tudu tun farkon wata. Ruwan madatsar da aka gina a kan Furat ya riga ya shanye lambunan gangare, naku da namu, kawunan itatuwan rumman kawai ake gani. An cire turakun waya, gidan waya kuma ya rufe, sai wanda zai shiga gari ake ba wa wasiƙa. In ka ji shiru kada ka ce fushi ne.

Yanzu ka ajiye wasa ka saurare ni. Tulun nan babu shi. Mun bar shi a rumbun ƙasa muna cewa sai ranar ƙarshe, ashe ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙasa tun kafin a gan shi a ido. Da muka buɗe, irin duk ya yi funfuna ya dunƙule. Na zagaya gidaje, kowa ya daɗe da komawa irin kanti. Nan tudun kuma dutse ne, ko albasa ba mu dasa ba. Bakwai ɗin nan da ke tagarka su ne suka rage a duniya.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa: «Ɗan gautan farko da ya fito ba na ci ba ne, na waɗanda ke ƙarƙashin ƙasa ne. Ya yagi bakin kallabin ya ɗaura masa a wuya, ya bar shi a jikin uwarsa har ya yi launin tsohuwar fata. Shi ne uwar iri. Kada wuƙa ta taɓa shi.»

Na san za ka yi dariya. Yi abinka, amma ka ɗaura.

Nazmiye

*

Daday, 15 ga Yuni

Ranki ya daɗe, Sarauniyar Tudu,

Ina fata kuna lafiya, kuma ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi. Labarin tulun ya taɓa ni fiye da yadda zan yarda a rubuce.

Ga rahoto daga fagen fama. Na dasa su a lambun bayan gida ƙarshen Mayu, gindin katangar da rana ke duka. Kwana huɗu bayan haka raɓa ta daskare, huɗu suka yi shahada. Uku sun tsira, domin na kifa musu bokitai. Yanzu sun kai gwiwa, sun fara fure.

Game da wasiyyar Gwaggo, ki gaya mata cikin ladabi cewa shafi na 112 bai yarda ba. A ƙasa mai sanyi ana cire 'ya'yan farko tun suna ƙanana, don uwar ta yi ƙarfi ta yi da yawa. In aka bar ɗaya ya tsufa a jikinta, sai ta ɗauka aikinta ya ƙare ta nemi wurin zama. Iri kuma daga manyan da suka biyo baya ake zaɓa. Mutanen ƙarƙashin ƙasa, Allah ya jiƙansu, ban taɓa karanta inda suka aiko neman gauta ba. Saboda haka na farkon zan gasa shi da albasa da barkono in ci da sunan Gwaggo. Ki kwantar da hankalinki, a Oktoba zan aiko miki da iri cike da ambulan.

Wani abin dariya. Kwana goma ke nan kullum da safe nake tarar da gindinsu jiƙe, kamar an zuba wa kowanne kofi guda a hankali, sauran lambun kuwa busasshe. Ni ban zuba ba. Malam Ruhi ya ce raɓa ce take gangarowa daga ganye, kuma na yarda da shi. Sai dai na duƙa na sunsuna. Kin tuna warin laka a mashayar Merdanli in ruwa ya janye, inda kika taɓa tura ni da sababbin takalmana? Shi ne. Hanci ma yana kewar gida ke nan, har ya fara ƙarya.

Fikret

*

Daday, 11 ga Yuli

Nazmiye,

Wata guda babu amsa. Ina fata rashin mai shiga gari ne, ba rashin lafiya ba. Ki gaida Gwaggo. Ni ƙalau, makaranta ta yi hutu, ba ni da wanda zan gundura sai ke.

Ina son ki faɗa mini gaskiya: kin rubuta wa wani a garin nan? In wasa ne ya yi kyau, na sara miki.

Ran Laraba da hantsi na fita da wuƙa. Dukkan ukun sun yi 'ya'yan farko, baƙaƙe suna ƙyalli, tsawon tafin hannu. Na yanke na dama, na yanke na hagu. Da na ɗaga ganyen na tsakiya sai na ga tsumma shuɗi a ɗaure a wuyan gautan. Na koma ɗaki na jawo durowar da na ajiye ƙyallen Gwaggo. Yana nan a ninke yadda na bar shi, ƙarƙashin takardun jarrabawa, amma an yagi bakinsa, siriri, daga wannan gefe zuwa wancan.

Lambun nan ba shi da ƙofa sai ta kicin ɗina. Katangar ta fi tsayina. Na je wa Malam Ruhi da zargi, sai ya miƙo mini hannuwansa. Yatsun sun kanannaɗe da ciwon sanyi, ko maɓallin rigarsa jikarsa ce ke saka masa. Ya biyo ni ya duba, ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, «Malam, wanda ya ƙulla wannan bahago ne.» Sai ya miƙe, ya ce ƙudan zumansa suna jiransa.

Na san mace ɗaya bahaguwa da ke ƙulli biyu ta tusa bakin zaren ciki. Da shi ta riƙa ɗaure mini mazagin wando ina yaro, ba na iya kwancewa sai na kusa jin kunya.

Jiya Alhamis na kwance shi, da taimakon allura. Na mayar durowa na kulle, makullin yana aljihuna. Yau na dawo daga masallacin Juma'a, rana tsaka, tsuntsaye suna ta hidimarsu, na tarar ya koma wuyan gautan. A jiƙe yake. Durowar tana kulle.

Bayanin mai sauƙi ne: mutumin da ya daɗe shi kaɗai yakan yi abu ya manta. Akwai littattafai a kan haka. Cewa ni ba bahago ba ne, ƙaramar matsala ce da ilimi zai warware nan gaba. Ki ce wa Gwaggo hannunta ya yi tsawo, amma ran Lahadi zan yanke shi. Biyun da na ci sun yi daɗi har na ji haushin shekarun da suka wuce.

Af, jiƙewar nan ta safiya ta daina tun ran Laraba. Yanzu ni nake ɗaukar bokiti.

Fikret

*

Sabon Merdanli, 13 ga Yuli

Fikret,

Inna ta rasu ran Laraba, tara ga wata, ana kiran azahar. An yi jana'iza da la'asar a sabuwar maƙabarta. Mun aika aka buga waya makarantarku daga gari, ba wanda ya ɗauka. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri ni da kai. Ta raine ka kamar yadda ta raine ni, har takan ce kai ne ɗan, ni baƙuwa.

Wasiƙarka ta Yuni ta same ta da rai. Na tsallake wajen shafi na 112, amma ta gane a fuskata. Ta ce in karanta duka. Da na gama ta yi tsakin nan nata ta ce yaron nan kansa cike yake, ba inda magana za ta zauna.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Tun farkon Yuni, in na kai mata shayi da safe sai ta ce ta gaji, hawan ya yi yawa, ga garin da sanyi. Na ɗauka ruɗewar tsufa ce. Amma bakin zanenta yakan kasance a jiƙe, da laka a tsakanin yatsun ƙafarta, matar da ba ta iya kai kanta bayan gida sai na riƙe ta. Daga gidan nan zuwa bakin ruwa tafiyar rabin awa ce ga mai lafiya. Na wanke na yi shiru. Sai ga wasiƙarka tana maganar warin mashaya.

Ran Laraba da hantsi ba ta gane ni ba. Idonta a rufe, hannuwanta suna ta aiki a kan bargo, tana ƙulla abin da babu. Ta ce, «Ki ce masa ya ajiye wuƙar.» Ita ce maganarta ta ƙarshe, in ban da kalmar shahada.

Da muka zo wanka, ni da matar liman, mun buɗe hannunta na hagu muka tarar da zare shuɗi a naɗe a yatsa. Ba mu da wani abu shuɗi a gidan nan. Abin da ya rage na kallabin shi ne ta ba ka.

Ban san me ka yi da gautan ba. In ka riga ka ci, kada ka gaya mini yanzu.

Nazmiye

*

Daday, 6 ga Agusta

'Yar gwaggona,

Wasiƙarki ta yi sati uku a hanya, jiya ta iso. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa Aljanna ce makomarta. Na zauna a kicin da takardar a hannu har shayi ya ƙone a buta. Wata guda ina aika gaisuwa da tsiya ga wadda ke kwance a ƙasa. Ki yafe mini. Zan zo addu'ar arba'in in na samu mota.

Na lissafa kwanakin, na san ke ma za ki lissafa in tawa ta sha ɗaya ga wata ta same ki. Ƙullin farko da hantsin Laraba. Na biyun ran Juma'a, kwana biyu bayan kun dawo daga maƙabarta. Ba ni da abin cewa a kan wannan, kuma kin san ba kasafai hakan ke faruwa da ni ba.

Ban yanke ba. Zan so in ce miki don ya riga ya dushe ne, ya daina ƙyalli, ba zai yi daɗi ba, kuma haka na gaya wa Malam Ruhi. Gaskiyar ita ce ran Lahadin na fita da wuƙar bayan karin kumallo, rana tana haska katanga, na kama wuyansa da hannun hagu. Sai aka yi tsaki a bayana. Kusa, daidai kafaɗata, irin wanda ake jan sa ta gefen baki. Ban waiwaya ba. Na ninke wuƙar na shiga gida da baya-baya kamar mai fita daga gaban alƙali. Akwai wani tsuntsu a nan da kukansa ya yi kama da haka, na duba a littafi. Ban taɓa ganinsa a unguwarmu ba.

Amma kada ki ɗauka na tuba gaba ɗaya. Ta tsakiyar, mai tsumma, ta yi daidai abin da littafin ya ce: ta tsaya, 'ya'ya biyu kacal ta ƙara. Biyun da na cire wa na farko kuwa sun cika har sai da na tokare su da sanda. Na zaɓi manya huɗu a jikinsu na bar su su nuna, daga cikinsu irinki zai fito. Na Gwaggo yana nan yana rawaya, ya kumbura, ba shi da kyan gani. Ina gaishe shi da safe. Ban san ranar da na fara ba.

Fikret

*

Sabon Merdanli, 2 ga Satumba

Fikret,

Muna lafiya, ana ta haƙuri. Ba ka zo arba'in ba, na san hanyar, ban riƙe ka ba. Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka iso a aljihun direba. Na karanta su a jere, na sa su ƙarƙashin Alƙur'anin Inna. Ba zan tambaye ka komai ba, kai ma kada ka tambaye ni.

Abu ɗaya zan gaya maka, tunda kai malamin tarihi ne amma na gidanku ya wuce ka. Ka ɗauka gautan nan ɗan bakin Furat ne? Kakar Inna ba 'yar kogi ba ce. Daga tsaunukan arewa aka kawo ta aure, garin da ƙanƙara ke rufe ƙofa wata biyar, da irin a ɗinke a bakin rigarta. Ita ta zo da maganar na farko ba na ci ba ne. A Merdanli mutane dariya suke yi mana, don a nan ko na ƙarshe ka bari zai nuna, zafi ya ishe shi. Inna ta ce ita ma ba ta san dalili ba, ta dai tarar ana yi. Kabarin kakar yanzu yana ƙarƙashin ruwa, ba a samu wanda ya gane wurin ba lokacin da ake kwashe ƙasusuwa.

Ni da surukata mun yi wata guda muna ɗauko ƙasa a buhu daga inda ruwa bai kai ba tukuna. Mun yi kwami huɗu a bayan gida, mun kewaye da duwatsu. Maƙwabta suna tambaya me za mu shuka. Na ce musu ɗan kawuna mai ilimi zai aiko.

Yaya sanyi a can?

Nazmiye

*

Daday, 29 ga Satumba

Nazmiye,

Ina gaisuwa, ina fata ke da yara kuna lafiya. Tarina ya dawo da wuri bana, kuma ba shi kaɗai ba.

Ran sha tara ga wata raɓa ta daskare. Malam Ruhi ya ce rabon da ta zo da wuri haka tun yana saurayi. Littafin ya ba ni har tsakiyar Oktoba. Da yamma sama ta yi tas, na ga alama, na lulluɓe su da barguna biyu da labulen falo. Da safe na ɗaga, ganyen duk sun yi baƙi sun rataye kamar jiƙaƙƙun tsummoki.

Na kwashe manyan huɗun nan nawa na kai kicin. Sun fara dushewa amma ba su juya launi ba. Na tsaga su ɗaya bayan ɗaya, na wanke irin a kwano yadda Gwaggo take yi: mai rai ya nutse, marar rai ya taso. Nazmiye, duka suka taso. Farare, sirara, kamar ɓawon shinkafa. Na tsaya ina jira ko guda zai canza shawara. Sati uku kawai suke bukata, garin nan kuma bai ba da su ba.

Sai na koma wajen na tsakiyar. Wata biyu da kwana goma yana rataye, ya yi launin tsohuwar jakar fata, ya yi tauri. Na tafi da allura saboda ƙullin. Ban bukace ta ba. Tsumman ba ya wuyansa. Yana kan katanga a ninke huɗu, busasshe, an ɗora masa ɗan dutse don kada iska ta ɗauke. Ina taɓa gautan ya faɗo hannuna da kansa. Wuƙa ba ta taɓa shi ba, da yatsu na ɓare shi.

Irin ya nutse. Na ji ƙarar saukarsa a gindin kwano, kamar yashi. Jajaye-jajaye, masu ƙiba, sun fi ƙarfin ƙirga. Na shanya su kwana tara a kan jarida a tagar da aka haifi iyayensu. Na sa goma a jiƙaƙƙen ƙyalle kusa da murhu don gwaji, yau da safe takwas sun fasa baki.

Kashi biyu cikin uku yana cikin wannan ambulan, a ƙulle a ragowar kallabin. Ƙullin nawa ne, za ki kwance shi ba wahala. Tsumman na riƙe, zan bukace shi baɗi. Malam Ruhi ya roƙi 'yan ƙwayoyi, na ba shi tare da sharaɗin, bai yi dariya ba. Littafin kuma yana kan murfin tukunyar wake, yana aiki sosai.

Tun ranar ban ƙara jin komai a lambun ba. Ina fita da safe in daɗe a tsaye, ba tsaki, ba warin laka. Ban zaci zan yi kewar abin da ya hana ni waiwaye ba.

In kin je maƙabarta, ki tsaya ta wajen hannunta na hagu ki gaya mata ni ne na yi kuskure.

Ɗan kawunki,
Fikret